Yadda Za Ka Gina Ɗaki A Kan Bishiya Ba Tare Da Ka Kashe Ta Ba

Malam kafin ka kira kafinta fara zaɓen bishiyar tukunna, tsamiya ko maɗaci su ne masu ƙwarin itace, ita kuka kar girmanta ya ruɗe ka cikinta laushi ne da ruwa, ba ta riƙe ƙusa da kyau. Gawo kuma da damina yake zubar da ganye, da rani yake inuwa, to ka san da wannan.

Abin da ya fi damuna shi ne masu ɗaure waya ko sarƙa su zagaye jikin bishiya, wallahi shaƙe ta kake yi don ta ƙarƙashin ɓawon nan abincinta yake bi. Ka kafa ginshiƙai a ƙasa su ɗauki nauyin ɗakin, inda katako ya zagaye gindin kuma ka bar tazara kamar faɗin tafin hannu saboda kullum ƙara kauri take kuma iska na kaɗa ta.

Katako a shafa mai maganin gara, rufi jinka ta fi kwano sanyi, tagogi manya da raga saboda sauro. Matakala kuma a yi ta da abin dafawa musamman in manya ne za su hau.