Yadda Za Ka Nemi Aikinka Na Farko Kana Sakandare Ba Tare Da Karatu Ya Taɓu Ba

Akwai ranar da ɗalibin sakandare yake gajiya da miƙa hannu. Yana so ya saya wa kansa littafi ko katin waya ba sai ya jira an ba shi ba, ko kuma yana ganin nauyin da ke kan iyayensa, ransa na so ya ɗan rage musu. Niyya ce mai kyau, ina kuma goyon bayanta ƙwarai. Sai dai ka riƙe abu guda tun daga nan: kana da aiki tuni, sunansa makaranta. Wanda za ka nema yanzu ƙari ne, shi zai bi bayan karatu. Da "kai" nake magana don sauƙin rubutu, amma ƙanwata, har da ke.

Fara da ƙirga awoyinka

Kafin ka taka ƙofar kowa, ɗauki takarda da biro. Mako ɗaya awa 168 ne, babu mai samun ƙari. Cire barci tukuna. Masana sun ce wanda ke tsakanin shekara 13 da 18 yana bukatar awa 8 zuwa 10 kowane dare, ko mafi ƙaranci ka ɗauka, awa 56 sun tafi. Cire lokacin aji da na zuwa da dawowa. Cire aikin gida da bitar darasi, ka rubuta abin da ya kamata ka riƙa yi, ko da ya fi wanda kake yi yanzu. Cire ibada, cin abinci, wanka, wanki da hidimar gida. Abin da ya rage zai ba ka mamaki don ƙanƙantarsa, kuma ko shi ɗin ba duka za ka sayar ba, domin jiki na bukatar hutu.

Shawarata ita ce awa 8 zuwa 12 a mako lokacin da ake karatu, mafi yawansu a ƙarshen mako. Masu bincike kan ɗaliban da ke aiki sun daɗe suna lura cewa idan abin ya haura awa 20 a mako, maki yakan fara zubewa. Na ga haka da idona: yaron da ya saba ɗaga hannu kafin kowa, sai ga shi ya kifa kai a kan tebur tun darasin farko, littafinsa a buɗe a shafin da aka wuce tun makon jiya. Ba lalaci ba ne, taura biyu ce ta ƙi taunuwa.

Rubuta ranakun da awoyin ƙarara, misali Asabar daga 9 zuwa 3, Talata da Alhamis daga 4 zuwa 6. Wannan 'yar takarda za ta yi maka amfani a kowane mataki da ke gaba.

Sai iyaye, sai doka

Kai musu takardar su gani. Uba ko uwa da aka zo wa da "ina so in fara aiki" kawai, tsoro ne zai fara kama su. Wanda aka nuna wa lissafi a rubuce, da alkawarin cewa idan sakamako ya ja baya za a ajiye aikin, ya fi saurin sauraro. A wurare da dama ma ba za a ɗauke ka ba sai da sa hannunsu.

Ka kuma san matsayinka a doka. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, a yarjejeniyarta mai lamba 138 ta shekarar 1973, ta ce kada shekarun fara aiki su gaza 15, ko da yake ta bar ƙasashe masu tasowa su fara da 14. Ta ba da damar aiki mara nauyi daga shekara 13, da sharaɗin ba zai cutar da lafiya ko ya hana zuwa makaranta ba. Aiki mai haɗari kuwa sai an cika 18. Kowace ƙasa ta ɗora nata ƙa'idojin a kan wannan. A Amurka, dokar tarayya ba ta yarda ɗan shekara 14 ko 15 ya wuce awa 3 a ranar makaranta ba, ko awa 18 a makon da ake karatu. A Ingila awa 12 ne a mako lokacin zangon karatu ga wanda bai kai shekarun barin makaranta ba. Nemi dokar inda kake, malamin ba da shawara a makarantarku ko ofishin ƙwadago za su nuna maka.

Me ke hannunka?

Nan ne ɗalibai suke karaya, su ce ai ba su taɓa aiki ba, wa zai ɗauke su? Wanda ke neman yaro ya taya shi jiran kanti ya san ba ka da ƙwarewa. Abin da yake tsoro shi ne a makara, a taɓa masa kuɗi, a wulaƙanta masa masu saye, ko a ɓace ba sallama. In ka iya kwantar masa da hankali a kan waɗannan, ka wuce rabin masu nema.

To zauna ka tuno abin da ka taɓa riƙewa. Ka yi monitan aji? Kai ke raka ƙannenka makaranta kullum? An taɓa ba ka ajiyar kuɗin wata ƙungiyar ɗalibai ka mayar da su cif? Ka iya buga rubutu a kwamfuta, ko ɗaukar hoton kaya ya fito da kyau, ko koya wa ɗan firamare lissafi har ya gane? Duk waɗannan shaida ce. Tattara su a shafi ɗaya, kada ya wuce haka: sunanka, ajinka, lambar da za a same ka, abubuwan da ka iya, awoyin da kake da su, da sunan babba ɗaya ko biyu da za su tsaya maka. Malami ya fi dacewa, amma ka nemi izininsa tukuna. Ka ba wani ya duba maka kuskuren rubutu.

Ayyukan da suka fi shiga rayuwar ɗalibi sanannu ne: jera kaya da jiran kanti, taimako a gidan abinci, koyar da yara darasi, aikin ɗakin karatu, shara da gyaran fili, kai saƙo a kusa. Ni dai koyar da yara na fi so wa ɗalibi, don kai ke tsara lokacinka, kuma abin da ka koyar yakan zauna maka a kai.

Fara da waɗanda suka san ka, sannan ka taka da ƙafarka

Aikin farko da wuya ya zo ta hanyar talla. Yawanci wani ne zai ce, "Na san wani yaro mai hankali." Saboda haka ka sanar da 'yan uwa, maƙwabta, malamai da iyayen abokanka, kuma ka faɗi abin da kake nema takamaimai. "Ina neman aikin ranar Asabar, awa shida, ko a kanti ko koyar da yara" ya fi zama a ran mutum fiye da "a taimaka mini da aiki".

Daga nan ka zaɓi wurare biyar ko shida da za ka iya kaiwa cikin sauƙi daga gida ko makaranta, don kada kuɗin mota ya cinye ladan. Zuwa da kai ya fi aike. Je kai kaɗai, kada ka ja zugar abokai, da tufafi masu tsabta, a lokacin da wurin ba cunkoso. In ka tarar mai wurin na fama da masu saye, koma gefe ka jira, wayarka a aljihu. Yana kallonka ta wutsiyar ido, kuma jiran nan ma yana cikin gwajin. Idan ya juyo, ka gaishe shi da ladabi, ka ce wani abu kamar haka:

"Ranka ya daɗe, ni ɗalibi ne a aji biyar na sakandare. Ina neman aikin ƙarshen mako. Ban taɓa aiki a kanti ba, amma ina da saurin koyo, kuma ba na makara. Ga takardata, akwai lambar malamina a ciki."

Shi ke nan, kada ka tsawaita. Da yawa za su ce babu, kuma zai yi maka ciwo, musamman na farkon. Yi godiya, ka roƙi a ajiye takardar, ka sake leƙowa bayan mako biyu. Sau da yawa wanda ya dawo ɗin ake tunawa ranar da gurbi ya samu.

Ranar ganawa

Isa minti goma kafin lokaci. Amsa abin da aka tambaye ka, abin da ba ka iya ba ka ce ba ka iya ba tukuna. Abin da na fi so ka yi ƙarfin halin faɗi shi ne maganar jarrabawa: "Yallaɓai, akwai makonni biyu a kowane zango da zan nemi a ɗaga mini ƙafa." Wasu ɗalibai suna ɓoyewa don tsoron kada a fasa ɗaukarsu, sai lokacin ya zo su shiga tsaka mai wuya. Mai aikin da ya ɓata rai don ka ambaci jarrabawa ya nuna maka halinsa tun da wuri, ka gode masa ka nemi wani.

Tun ran gini, tun ran zane

Kafin ka fara, a yi magana a fili: wane aiki ne naka, awa nawa, nawa za a biya, yaushe ake biya, kuma in akwai kwanakin gwaji, guda nawa ne, da lada ko babu. Kunya takan hana yaro tambayar kuɗi, amma haƙƙinka ne. In ba a rubuta yarjejeniya ba, a yi maganar a gaban wani babba naka, ko ka tura saƙon waya mai maimaita abin da aka amince, ka adana amsar.

A nan kuma ka buɗe ido sosai. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin fom ko na rajista kafin ya ba ka aiki, damfara ce. Haka tallan intanet da ke alkawarin kuɗi masu yawa a kan ɗan aiki kaɗan, ko wanda zai ce a riƙa turo kuɗi asusunka kana tura wa wani, wannan zai iya kai ka hannun hukuma. Kada ka ba kowa lambar sirrin katinka. Kada ka je ganawa a ɗakin otal ko gidan da ba kowa, kuma a gida a san inda kake da lokacin tashinka. In wani a wurin aiki ya fara yi miki ko yi maka maganar da ba ta dace ba, ko taɓa jiki, ka bar wurin ka gaya wa babba a ranar. Laifin ba naka ba ne.

Bayan ka fara

Sami ƙaramin littafi ka riƙa rubuta lokacin shigarka da na fitarka kowace rana, shi zai raba gardama ranar biya. Abin da ba ka gane ba ka tambaya, matambayi ba ya ɓata. In ka yi kuskure, kai ka fara faɗa kafin a gano. Daga biyan farko ka ware wani kaso, ko ɗaya bisa goma ne, ka ajiye inda hannunka ba zai kai da sauƙi ba.

Bayan wata guda ka koma kan takardar awoyinka, ka ɗora ta kusa da makin gwaje-gwajenka na aji. In makin ya sauka, ko ka fara gyangyaɗi a darasi, rage awoyi nan take. In jarrabawar kammalawa ta matso har ya zama dole ka ajiye aikin, sanar da mai wurin mako biyu kafin ranar, ka miƙa duk abin da ke hannunka, sannan ka roƙe shi ya rubuta maka 'yar takardar shaida mai ɗauke da ranar da ka fara, ranar da ka bari, da irin aikin da ka yi, ya sa hannu da lambar wayarsa.