Yadda Ake Saita Adireshin Lufbak a Sabar Ubuntu Ba Tare da Ya Ɓace Ba

Bayan sallar Magariba ƙanena ya bugo mini waya daga Mile 12, inda yake kula da kwamfutar wani dillalin albasa. "Yaya, manhajar lissafi ta ƙi tashi, kuma wallahi ban taɓa komai ba." Gaskiya ya faɗa, bai taɓa ba. An ɗauke wuta ne, batirin inbata ya ƙare kafin a tayar da janareta, saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da manhajar, ta mutu ta farfaɗo, adireshin lufbak da ya ƙara mata da hannu makon jiya ya bi iska. A Legas duk saitin da ba a rubuta shi cikin fayil ba, kwanansa ƙidayayye ne.

Lufbak ƙofa ce da kwamfuta ke magana da kanta ta cikinta, saƙo ba ya fita waya ko iska. A Linux sunanta lo, adireshinta 127.0.0.1, a sabon tsarin IPv6 kuma ::1. Fara da duba ta, ka buga wannan a tagar rubuta umarni (terminal):

ip addr show lo

Za ka ga 127.0.0.1/8. Wannan /8 ɗin na nufin duk adireshin da ya fara da 127 na gida ne. Gwada ping 127.0.0.2, zai amsa ko da ba ka saita komai ba. Shi ya sa Ubuntu ke ajiye hidimar fassara sunaye a 127.0.0.53, take kuma rubuta sunan sabar a gaban 127.0.1.1 cikin /etc/hosts. Idan buƙatarka kawai manhajoji biyu su zauna a saba ɗaya kowacce da adireshinta, ba ka da aiki: ba ɗaya 127.0.0.2, ɗayar 127.0.0.3, ka tafi shan shayinka.

Ƙarin adireshi yana zama dole ne idan kana son lamba wadda ba ta canzawa ko an sauya rawta ko an cire waya, kuma wadda wasu na'urori za su iya iskowa in an nuna musu hanya. Zaɓi daga rukunin cikin gida, misali 10.255.0.1, ka gwada shi na wucin gadi:

sudo ip addr add 10.255.0.1/32 dev lo

Kada ka manta da /32, shi ke cewa adireshi guda ɗaya tak. In ka sa /24, sabar za ta ɗauki gabaɗaya rukunin a matsayin nata, duk wata na'ura mai lamba a cikinsa ta daina samun saƙonta. Sannan kada ka ɗauko lamba daga rukunin da shagon ke amfani da shi, irin 192.168.1 ɗin nan da yawancin rawtoci ke rabawa. Linux tana amsa kiran kowane adireshi da take riƙe da shi ta kowace ƙofa, sai ka wayi gari firinta da saba suna faɗa a kan lamba ɗaya.

A nan ƙanena ya tsaya, a nan kuma ya yi kuskure. Don adireshin ya zauna daram, tun daga Ubuntu 17.10 saba tana amfani da Netplan, manhajar da ke karanta saitin sadarwa daga fayil. Buɗe sabon fayil, kada ka taɓa wanda ka tarar:

sudo nano /etc/netplan/60-lo.yaml

Ka rubuta:

network:
  version: 2
  renderer: networkd
  ethernets:
    lo:
      addresses: ["127.0.0.1/8", "::1/128", "10.255.0.1/32"]

Na haɗa da biyun asali da gangan, domin rasa 127.0.0.1 na nufin rabin hidimomin sabar su rikice. Tazarar farkon layi kuma da maɓallin sarari ake yin ta, biyu-biyu. Danna Tab sau ɗaya ya isa a ƙi karɓar fayil ɗin duka. Na taɓa ɓata kusan awa guda a wani shago a Computer Village na Ikeja, janaretoci na ruri ta ko'ina, ina neman laifin da ashe sarari ɗaya ne ya yi yawa. Bayan ka adana, ka buga sudo chmod 600 a kan fayil ɗin, in ba haka ba sababbin Netplan za su yi ta ƙorafin kowa na iya karanta shi.

Yanzu abin da ya fi komai: kada ka yi gaggawar netplan apply. Buga wannan:

sudo netplan try

Zai ɗora sabon saitin ya jira ka daƙiƙa 120. In ka danna Enter ya tabbata, in hanya ta yanke ka kasa dannawa sai ya koma yadda yake. Wanda yake Agege sabarsa na Lekki ya san darajar wannan, don kuskure ɗaya zai jefa shi cikin cunkoson gadar Third Mainland saboda gyaran minti biyu.

Daga nan ka nuna wa manhajar adireshin, ka duba da ss -tlnp ko a kansa take sauraro. In ka ga 0.0.0.0 a gefen 3306, lambar tashar MySQL, manhajar adana bayanai, to MySQL ɗinka a buɗe take ga duk wanda ke kan layin, ka gyara bind-address a cikin fayil ɗin saitinta. Ka kuma sani cewa MySQL na bambanta localhost da 127.0.0.1: na farko ta soket yake bi, wato wani fayil na musamman a cikin sabar, ba ta lufbak ba.

Masu Windows Server kuwa, ku buga hdwwiz, ku zaɓi Microsoft KM-TEST Loopback Adapter, ku ba shi adireshi kamar kowane katin sadarwa, ku bar gurbin ƙofar fita wayam.

Saura gwaji na ƙarshe, wanda na sa ƙanena ya yi ina kan waya: sudo reboot, da rana tsaka kana zaune a gabanta. Da ta tashi ya sake buga ip addr show lo, ya karanto mini 10.255.0.1, sannan ya ce Alhaji na jiran lissafin buhunan da aka sauke daga Sakkwato.