Yadda za ka ajiye aikin rubuta manhaja bayan ka daɗe kana firilansa

Ma'aikacin gwamnati ba ruwansa da wannan ciwon kan, da ya cika shekara 35 a aiki ko ya kai 60 da haihuwa takarda za ta same shi, a yi 'yar walima a ofis ya tafi gida. Mu kuwa 'yan firilansa, wato masu karɓar aiki ta intanet ba a ƙarƙashin wani ofis ba, da muka fara tun zamanin shafukan neman aiki na oDesk da Elance, kafin su haɗe su koma Upwork a 2015, muna rubuta wa mutanen da ko fuskarsu ba mu taɓa gani ba kod, wato rubutun da ake gina manhaja da shi, babu mai kawo mana wata takarda. Kai ne oga kai ne masinja, don haka kai za ka sallami kanka. Ga yadda nake ganin ya kamata a bi abin.

Da farko ka tabbatar ritayar kake so ba hutu ba. Gajiyar raba dare saboda kwastoma yana Amurka, rana tsaka a wajensa kai kuma ka yi isha'i tuni, tana sa mutum ya ji ya tsani kwamfuta gaba ɗaya alhali barci kawai yake nema. Ka daina neman sabon aiki na wata biyu ko uku ka ga. In hannunka ya fara ƙaiƙayi to ba ka gama ba, in kuwa ko kewar abin ba ka yi ba, sai mu wuce gaba.

Na biyu lissafi, kuma da naira za ka yi shi tunda da ita kake cefane. Ka rubuta abin da gidanka ke ci a wata, kuɗin makarantar yara, magani, haya in akwai, da hidimar 'yan uwa wadda duk mun san ba ta tsayawa don ka daina aiki. Ka tuna abin da ya faru bayan Yunin 2023 da aka saki naira ta nemi farashinta, dala ta tashi daga wajen 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024, mai karɓar dala bai ji zafin ba sosai, amma ranar da ka ajiye aiki ka fita daga wannan inuwar. Ba mu da garatuti ba mu da fansho sai wanda muka tara, hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, dai ta buɗe tsarin ƙaramin fansho na masu zaman kansu tun 2019, in ba ka shiga ba tun lokacin kar ka sa ran zai riƙe ka yanzu. Kar ka juye duk abin da ke asusunka na dala zuwa naira rana ɗaya.

Na uku, kuma wallahi nan ne ainihin ritayar, wato mayar wa mutane makullansu. Duk wanda ya daɗe a harkar nan ya san akwai domen, wato adireshin shafin intanet, na wani kwastoma amma da imel ɗinsa shi mai aikin aka yi rajistarsa, akwai kuɗin hostin, wato hayar wurin ajiye shafi a intanet, da ake cira a katinsa duk shekara shi kuma ya karɓa wajen kwastoma daga baya, akwai saba, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, da shi kaɗai ya san kalmar sirrinta, akwai lambar tabbatarwa da ke shigowa wayarsa. Ka ɗauko littafi ka bi kwastomominka ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda kuka shekara biyar ba ku yi magana ba, don su ne ma suka fi haɗari, shafinsu na tafiya lafiya sun manta da kai, sai ranar da domen ya ƙare a kira ka kana tsakiyar ɗaurin aure. Ka mayar da komai sunansu, ka tura musu ma'ajin kod ɗin da ke shafin GitHub, ka cire katinka, ka sa su canza kalmar sirri bayan ka fita don gobe in wani abu ya ɓata kar a ce kai ne. Sannan ka rubuta bayani da harshen da mutum zai gane, yadda ake ɗora sabon aiki, ina ake ajiye kwafin bayanai, wane ɓangare ne in an taɓa komai ya rushe. Ni na taɓa gadar wani aiki da aka rubuta da tsohon harshen manhaja na Python 2 bayan an daina tallafa masa a farkon 2020, mai shi ya tafi bai bar ko layi ɗaya na bayani ba, sati uku ina tono kamar mai haƙar rijiya. Kar ka yi wa wani haka.

Na huɗu ka sa rana ka faɗa musu a rubuce, wata uku zuwa shida ya isa. Za su roƙe ka, wani zai ƙara kuɗi, wani ya ce ɗan gyara ne kawai na minti biyar. Babu gyaran minti biyar, ka fi ni sani. In kana da yaro da ka koya wa aikin ka haɗa su tun kana nan, ya riƙa yi kana dubawa wata ɗaya ko biyu.

Sauran ƙananan abubuwa ne, ka karɓo bashin da kake bi kafin ranar don bayan ka tafi ba mai saurin biya, ka kwashe abin da ke asusunka na karɓar kuɗin waje na Payoneer, ka sauke tarihin kuɗin da ka karɓa ka ajiye saboda haraji. Asusun Upwork kar ka goge shi da wuri, ka ɓoye shi kawai na shekara guda, taurarin yabon kwastomomin nan da ka sha wuya ka tara ba sa dawowa.

Sai ka shirya amsar da za ka ba mutanen majalisa, waɗanda dama tun farko ba su yarda zaman ɗaki da kwamfuta aiki ba ne, yanzu za su ce ritaya daga me.