Yadda za ka ci abinci mai kyau a Delhi

Da farko, buɗe Zomato, manhajar neman gidajen abinci, a wayarka ka duba ra'ayin waɗanda suka riga ka ci a wurin.

Idan nama kake so, hau jirgin Metro ka sauka a tashar Jama Masjid, ka ratsa lungunan Matia Mahal. Nan gidan abincin Karim's yake tun 1913. Ƙamshin kabab a kan gawayi ma zai ja ka.

Kafin ka zauna a ko'ina, tambaya ko naman halal ne, domin wasu wuraren yankan "jhatka" suke yi, sara ɗaya. Wannan kam ba na wasa da shi.

Sai ka zaɓi inda 'yan gari suka yi layi, ka ce a rage yaji. Ruwan gora kawai za ka sha, ka tabbatar ba a taɓa murfin ba.