Darasi na 7: Neman Abinci da Zaman Gida

Wani ɗan kabu-kabu da ke zaune a unguwar Mabera a Sakkwato yana fita tun bayan sallar Asuba. Ya kai 'yan makaranta, ya sauke mata a Babbar Kasuwa, ya yi jigilar mahauta zuwa Kara. Ba ya dawowa sai bayan Isha'i, ido jajir, riga butu-butu da ƙura. Matarsa kuwa tun hantsi tana bakin turmi tana dakan furar sayarwa, ga goyo, ga wanki, ga girki. Kowa ya gaji, kuma kowa gani yake ɗayan bai san wahalarsa ba.

Ba da son ransa yake kai dare ba. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki. Abin da yake samu a wuni ɗaya, yanzu sai ya haɗa da dare.

Wata rana, bayan ya ci tuwo ya sha ruwa, matar ta ce: "Maigida, ba ka rage mu da komai ba, Allah ya saka. Amma yaran nan da sun ji ƙarar babur, sai kowa ya nemi lungu."

Maganar ta shige shi. Ku lura kuma da lokacin da ta zaɓa. Ba ta tare shi a bakin ƙofa ba, ta bari sai da ya huce.

Daren nan suka ɗauko littafi da biro. Ya rubuta abin da ya samu, kuɗin mai, kuɗin cefane da zubin adashi. Ita ma ta rubuta cinikin fura da kuɗin gero da nono. Bayan mako ɗaya sai littafin ya nuna musu wani abu. Tsakanin Azahar da La'asar fasinja kaɗan ne, mai kawai yake ƙonewa. Duk ɗan Sakkwato ya san rana irin ta watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 kuma titi ke yin tsit. Sai ya mai da wannan lokaci na gida. Ya yi wanka, ya kishingiɗa a tabarma, ya saurari hadda ta babban ɗansa, ya riƙe jaririya har uwar ta samu ta runtsa. Ni dai a ganina wannan riƙon jaririyar ya fi duk sauran nauyi, domin mace ma jikinta na gajiya, sai dai ba kasafai ake tambayarta ba.

Da babur ya lalace a damina, hankali bai tashi kamar da ba. Kwasar adashi ta biya bakanike, cinikin fura ya riƙe cefane kwana huɗu, kuma ba wanda ya ɓoye wa wani halin da ake ciki.

Aikin wannan mako: buɗe littafinka ko littafinki. Rubuta lokacin fita da lokacin dawowa na kwana bakwai, da abin da aka samu kowace rana. Ja layi a ƙarƙashin sa'ar da aiki ya fi ja baya. Zo da littafin aji ranar darasi na gaba, za mu karanta tare.