Babi na Bakwai: Daidaita Farin Allon Kwamfuta Biyu

Idan kuka jera allon kwamfuta biyu, kuka ga farin ɗaya ya yi ɗorawa-ɗorawa, na ɗayan kuma ya yi shuɗi-shuɗi, kada ku ce wani ya lalace. Daidaitawa suke so, kuma za ku iya, in kun bi a hankali.

Darasi na 1: Shiri

Ku kunna allon duka biyu, ku bar su minti 30, domin hasken allo ba ya tsayawa wuri ɗaya sai ya ɗumama. Ku saki labule kada rana ta bugi gilashin. Ku kashe "hasken dare" na Windows, wanda ke sa allo ya yi ja-ja da yamma. Sannan ku buɗe shafi fari fat, wanda ba rubutu, a kowane allo.

Darasi na 2: Allon ma'auni

Ku shafa ƙasan allon ko bayansa da yatsa, za ku ji ƙananan maɓallai. Ku danna har jerin zaɓi ya fito, ku nemi inda aka rubuta 6500K, ku zaɓa. Ku yi wa ɗayan haka. Lambar nan ita ke nuna irin farin: 9300K yana ɗaukar shuɗi, 5000K yana ɗaukar ɗorawa. Farin 6500K shi ne na tsarin launi mai suna sRGB, wanda kamfanonin HP da Microsoft suka fitar a 1996, kuma da shi yawancin hotunan intanet ke aiki.

Yanzu ku zaɓi allon da farinsa ya fi kwanta muku a rai. Shi ne ma'auni. Ku yago 'yar takarda, ku rubuta "kada a taɓa", ku manna a gefensa. Daga nan hannunku ya bar maɓallansa. Ɗayan kaɗai za a gyara. Ku sake karanta layin nan da ƙarfi: ɗayan kaɗai za a gyara.

Darasi na 3: Gyara

A allon da babu takarda, ku fara da haske, wato inda aka zana alamar rana. Ku ƙara ko ku rage har ƙarfin hasken biyu ya zo ɗaya. Farin da ya dushe yakan yaudari ido, ku ɗauka launi ne ya sauya. Hannunku yana kan wane allo? Ku duba. Wanda babu takarda, madalla.

Sai ku shiga inda haruffa uku suke: R ja ne, G kore, B shuɗi. Farin ya yi shuɗi, ku rage B da lamba ɗaya ko biyu. Ya yi kore-kore, ku rage G. Ya yi ɗorawa, ku rage R da G kaɗan. Bayan kowane dannawa ku kau da ido, ku ƙirga goma, ku sake kallo daga tsakiya, ba ta gefe ba. In kun ɓata, ba komai, ku mai da lambar yadda take.

A nan ne kullum ake ba ni wahala. Mutum ya gyara wannan, ya ga saura ƙiris, sai ya miƙa hannu ya taɓa mai takardar. Shi ke nan, ma'auni ya gushe, aikin awa guda ya tashi a banza. Haba jama'a, sau nawa zan faɗa? Takardar nan ba ado ba ce. Allon ma'auni ba a taɓa shi.

Darasi na 4: Taimakon Windows

Ku rubuta dccw, wato manhajar daidaita launi ta Windows, a akwatin bincike, ku buɗe ta, ku ja tagar zuwa allon da kuke gyarawa, ku bi hotunan har ƙarshe.

Darasi na 5: Na'urar awo

Masu buga hoto suna rataya na'ura irin Spyder ta Datacolor a gilashin, ta auna da kanta. A maimaita duk wata.