Kurakuran da aka fi yi wajen auna tsaron sabon ɗan wasan ƙwallon kwando

Idan ƙungiya ta ɗauko sabon ɗan wasa, auna abin da yake bayarwa a wajen cin maki ba wuya: ya jefa sau nawa, nawa suka shiga. Tsaro ne ke ba da ciwon kai. Mafi yawan aikin mai tsaro ba ya hawa takardar ƙididdiga, domin babu mai rubuta jifan da abokin hamayya ya yi niyya ya fasa, ko hanyar da aka toshe masa tun kafin ya bi ta. Shi ya sa wasa biyar ko shida sun isa a naɗa wa mutum rawanin gwaninta, ko a ce ƙungiya ta yi asarar kuɗinta, kuma sau da yawa duka hukuncin biyu ba su da tushe.

Ɗaukar ƙwace da toshiya a matsayin tsaro gaba ɗaya

Wannan ne kuskuren da ya fi yawa. Gasar NBA ta Amurka ta fara rubuta ƙwace ƙwallo da toshe jifa ne a kakar 1973-74, kuma tun daga lokacin mutane suka rataya a kan waɗannan lambobi biyu. To amma a wasa ɗaya na NBA kowace ƙungiya tana fuskantar hari kusan 100. Ɗan wasan da ya yi minti 30 ya tsaya wa hari 60 da ɗoriya. In ya ƙwace ƙwallo biyu ya toshe ɗaya, lambobin sun ba da labarin hari uku ke nan. Sauran fa?

Ƙwace iri biyu ne. Akwai wanda ke zuwa daga tsayuwa a wurin da ya dace da saurin hannu, akwai kuma na caca: mutum ya bar wanda yake gadi ya ruga ya tare ƙwallon da aka miƙa. In ya dace, sai tafi. In bai dace ba, abokansa huɗu ne za su fuskanci mutum biyar, kuma ba a rubuta masa komai. Allen Iverson ya fi kowa ƙwace a NBA kaka uku a jere, daga 2000-01 zuwa 2002-03, amma bai taɓa shiga jerin zaɓaɓɓun masu tsaro na gasar ba.

Gyaran shi ne a ƙirga yunƙuri, ba nasara kaɗai ba. A bidiyon wasa, rubuta duk lokacin da ya bar mutuminsa don neman ƙwace, sannan ka rubuta abin da ya biyo baya. Wanda ya yi yunƙuri shida ya samu biyu, sauran huɗun kuma suka zama jifa ba mai tsaro, to ƙungiyarsa ce ke biyan kuɗin lambobinsa.

Toshiya ma haka take. Dogon da ke tsalle wa kowane yaudarar jifa zai tara toshiya, zai kuma tara keta, ya bar mutuminsa a ƙarƙashin kwando yana jiran ƙwallon da ta ƙi shiga. Duba kuma inda ƙwallon ke zuwa bayan an toshe ta. In ya make ta waje da ƙarfi, abokan hamayya ne za su sake sako ta. In ya taɓa ta zuwa hannun abokinsa, harin ya mutu. Da wannan aka san Bill Russell na Boston Celtics, a zamanin da ba a ma rubuta toshiya.

Yarda da lambar "yana ciki, yana waje" da wuri

Masu ɗan zurfi a harkar sukan tsallake ƙwace da toshiya su koma ga makin da ake ci wa ƙungiya a kowane hari 100, lokacin da ɗan wasan yake fili da lokacin da yake benci. Ma'auni ne mai kyau, ya fi na farko nesa ba kusa ba, amma yana buƙatar lokaci mai tsawo kafin ya faɗi gaskiya. A nan ne ƙwararru ma ke zamewa.

Ga lissafi na misali. A ce sabon ɗan wasa ya buga wasa 10, minti 20 a kowanne. Minti 200 ke nan, wato hari kusan 400. A ce abokan hamayya sun yi jifan maki uku sau 140 a cikin wannan lokaci. Idan bakwai kacal suka shiga fiye da yadda aka saba, maki 21 ke nan, wanda zai ɗaga lambarsa da maki biyar a kowane hari 100. Maki biyar kuwa kusan shi ne tazarar da ke tsakanin ƙungiya mai matsakaicin tsaro da wadda ke sahun gaba. Jifa bakwai, waɗanda ƙila ko kusa da masu jefa su bai kasance ba, sun mai da shi rago a takarda. Jifan kyauta, wanda ake bayarwa bayan an yi keta, ya fi wannan muni, don babu mai tsaron da ke da hannu a shigarsa ko rashin shigarsa.

Saboda haka, kafin ka yarda da lambar, duba kashi nawa na jifan maki uku da na kyauta abokan hamayya suka ci yana fili. Matsakaicin jifan maki uku a NBA yana yawo ne wajen kashi 35 zuwa 36 cikin 100. In ka ga 42 ko 29, sa'a ce ke magana, ka sake lissafin da matsakaicin. Abubuwan da suka fi saurin daidaita, waɗanda mai tsaro ke da hannu a cikinsu, su ne yawan jifan da ake yi a bakin kwando, yawan ƙwallon da abokan hamayya ke zubarwa, yawan ketar da ake yi musu, da yawan dama ta biyu da suke samu bayan jifansu ya ƙi shiga.

Sai kuma maganar da wa yake wasa. Mutum biyar ne a fili. Wanda kullum ake sakawa tare da babban mai tsaron ƙungiya zai yi kyau a takarda ko da bai iya komai ba. Wanda kuma mai maye gurbinsa gwani ne, lambarsa za ta nuna kamar ƙungiya ta fi kyau in babu shi. Raba mintocinsa gida biyu, tare da wannan babban mai tsaro da kuma ba tare da shi ba. A cire mintocin ƙarshen wasan da an riga an yi nisa da maki, lokacin da koci ya kwashe manyansa, domin babu mai tsaro da gaske a lokacin.

Manta cewa tsari ya canza

Ɗan wasa ba ya zuwa da tsaronsa a jaka. Abin da ya yi a tsohuwar ƙungiyarsa ya yi shi ne a cikin wani tsari, kuma babban abin da ke bambanta tsari da tsari shi ne yadda ake amsa shinge, wato lokacin da dogon abokan hamayya ya zo ya tsaya ya tare hanyar mai gadin abokinsa da ke riƙe da ƙwallo. Wasu ƙungiyoyin dogonsu kan ja da baya ya tsare kwando, ɗan wajen ya bi ta saman shingen ya biyo mutuminsa. Wasu musaya suke yi, kowa ya karɓi mutumin ɗan'uwansa. Wasu kuma su biyun ke rufe mai ƙwallo lokaci ɗaya, sauran ukun su rarraba mutum huɗu a tsakaninsu. Kowanne da irin jikin da yake so. Dogo mai nauyin ƙafa zai haskaka a na farko, ya zama abin tausayi a na biyu. Brook Lopez ba a san shi da tsaro sosai ba kafin ya je Milwaukee a 2018, inda aka ce ya ja baya ya tsare kwando, daga nan sunansa ya fara shiga jerin masu tsaro.

Tambayar farko ke nan ba "ya iya tsaro?" ba ce. Ita ce: wane aiki aka ɗauko shi ya yi, kuma ya taɓa yin irinsa? Gadin gwanin abokan hamayya, kare bakin kwando, da kai ɗauki daga gefe, ayyuka uku ne daban. In an auna mai kai ɗauki da ma'aunin mai gadin gwani, an zalunce shi.

Sabawa kuma tana cin lokaci. Kowace ƙungiya da kalmomin da take kira a fili, da ƙa'idar wanda zai kai ɗauki da wanda zai tsaya. Rabin daƙiƙa na tunani ya isa a wuce mutum. Rudy Gobert ya koma Minnesota daga Utah a 2022, kakarsa ta farko ta sha suka. A ta biyu, 2023-24, Minnesota ce ta fi kowa tsaro a gasar, shi kuma ya karɓi kyautar gwarzon mai tsaro karo na huɗu, ya kamo Dikembe Mutombo da Ben Wallace, waɗanda su ma suka karɓe ta sau huɗu. Wanda ya yanke hukunci a watan farko ya yanke ne a kan mutumin da bai gama koyon yaren sabon gidansa ba.

In daga wata gasar ya zo, dokoki ma sun bambanta. A dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, dogo na iya tsayawa a ƙarƙashin kwando yadda ya ga dama yana tsaro, a NBA kuwa daƙiƙa uku ne in ba wani yake gadi ba. Layin maki uku mita 6.75 ne a FIBA, 7.24 a NBA, don haka filin da za a rufe ya fi faɗi. A FIBA ana iya share ƙwallo daga bakin kwando bayan ta taɓa ƙarfen, a NBA laifi ne. Keta biyar ke fitar da mutum a wasan minti 40 na FIBA, shida a wasan minti 48 na NBA. Lambobin toshiya na wanda ya saba kwana a ƙarƙashin kwando ba za su ƙetare tare da shi ba.

Ɗora laifi a kan wanda kyamara ta nuna

Ido yana bin ƙwallo, don haka wanda yake kusa da kwando lokacin da ta shiga shi ake zagi. Sau da yawa shi ne ya zo gyara ɓarnar wani. A wasannin fitar da gwani na 2021, Clippers ta baza 'yan wasa biyar a waje ta fitar da Utah, ɗan wasanta Terance Mann ya ci maki 39 a wasa na shida, aka yi ta nuna Gobert. Amma a yawancin hare-haren, 'yan wajen Utah ne aka fara wucewa, shi kuma aka bar shi da zaɓi biyu marasa daɗi: ya tare mai shigowa ko ya tsaya da mutuminsa a kusurwa.

Maganin wannan shi ne a mai da bidiyo baya daƙiƙa biyar ko shida daga lokacin jifa, a nemo inda tsaron ya fara tsagewa. Hanya mai sauƙi: zaɓi wasa uku, ɗaya da ƙungiya mai ƙarfi, ɗaya da mai rauni, ɗaya a waje. Kalli kowane hari sau biyu, na biyun ka ɗauke ido daga ƙwallo gaba ɗaya ka zuba masa shi kaɗai. Ka ba kowane hari alama ɗaya cikin uku: ya yi daidai, ya makara, ko ya ɓata. Lura da kansa, ko yana ganin mutuminsa da ƙwallo a lokaci guda. Lura da yadda yake fita ya rufe mai jifa: da gudu ɗaya har ya wuce, ko da gajerun taku hannu a sama. Lura ko shinge na kama shi kamar ƙaya ta kama riga, ko yana ratsawa. Lura da bakinsa da yatsarsa, don mai nuna wa abokansa mutum tun kafin haɗari ya zo yana yin aikin da ba a rubutawa. In ƙungiyarsa ta zubar da ƙwallo, duba ko yana komawa da gudu ko yana tsayawa gardama da alƙalin wasa. Wannan na ƙarshen shi kaɗai kan ba da maki a banza.

Tun kakar 2013-14 akwai kyamarorin bin diddigi a dukkan filayen NBA, kuma suna ba da kashin jifan da ke shiga idan wane ne mai tsaro mafi kusa. A bakin kwando wannan lamba tana da amfani. A nesa, a yi hattara da ita, don "mafi kusa" na iya zama wanda ya taso daga wani wuri a makare yana rufa wa abokinsa asiri.

Ƙwallon da ta ƙi shiga ma tana da nata ruɗin. Wanda ya cafe ta shi ake rubuta wa, amma wanda ya tokare dogon abokan hamayya da bayansa shi ya yi aikin. Lokacin da suke tare a Oklahoma City, Steven Adams kan tokare, Russell Westbrook ya cafe. Duba kashin da ƙungiyar gaba ɗaya ke cafewa yana fili, ba nasa na kansa ba.

Tsayi, tsawon hannu da yawan zufa kuwa kayan aiki ne kawai. Mai bin mutum da gudu ko'ina, yana marin ƙasa da tafin hannu, yana burge 'yan kallo, amma in yana keta biyar a kowane minti 36, koci ba zai iya barinsa a fili a ƙarshen wasa ba.

Akwai shaidu biyu da ba sa buƙatar lissafi. Na farko kocinsa: wa yake ba shi ya yi gadi, kuma in wasa ya rage minti biyu ana buƙatar tsayar da hari ɗaya, saka shi ake yi ko cire shi? Na biyu abokan hamayya: in suna ta kiran mutuminsa ya zo ya yi shinge don a yi musaya su samu shi a gaban gwaninsu, sun riga sun karanta shi. In kuwa suna kai harinsu ɗaya gefen don su guje masa, lambobinsa na ƙwace da toshiya za su yi ƙasa, kuma a nan raguwar alama ce mai kyau.